Kanwa Uwar Gami: Curin Wanka da Sabulun Gida

1. Abin da ya faru a aji

Wata rana da hunturu na je duba wani ajin mata na yaƙi da jahilci a ƙasar Kurfi. Na tarar an ajiye littattafai, an kewaye bokiti. Ashe wata ɗaliba ce ta zo da tsarabar da 'yarta ta aiko mata daga Kano. Wani abu ne fari, kamar curin fura, yana ƙamshi. Ta jefa shi cikin ruwa. Nan da nan ruwa ya kama tafasa, shuuu, ba wuta, ba hayaƙi. Kafin a jima curin ya narke, ƙamshi ya cika ɗaki.

Wata tsohuwa ta ja da baya, ta ce, "Malam, wannan ba sihiri ba ne kuwa?"

Na ce, "Inna, in sihiri ne, to, ke ma kin daɗe kina yinsa. Me kan faru in kin jefa kanwa cikin miyar yakuwa?"

Ta ce, "Sai ta taso da kumfa mana."

Na ce, "To, abin da ki ka gani cikin bokitin nan ke nan, ba wani abu ba."

Sai wata daga baya ta ce, "Malam, watau in mun koyi yin wannan mun huta da sayen sabulu?"

Wannan tambaya ita ce ta sa na rubuta darasin nan. Amsarta kuwa ita ce a'a. Curin wanka abu ne na jin daɗi. Sabulu shi ne abin tsabta. Dukansu biyu muna iya yinsu a gida, kuma dukansu daga dangin kanwa su ke fitowa. Ku karanta a hankali, ku ga yadda abin ya ke.

2. Dangin kanwa

Hausawa su kan ce kanwa uwar gami. Gaskiya ne, gama duk abin da ta shiga sai ta sāke shi. Ita ke sa wake ya nuna da wuri. Ita ke kashe tsamin yakuwa. Ita ke sa miyar kuɓewa ta ƙara yauƙi. Tun zamanin da fatake ke kawo mana ita daga ƙasar Barno, da wajen tafkin Chadi, da ƙasar Nijar.

Kanwa tana da 'yan'uwa. Alamarsu biyu ce. In ka jiƙa su ka murza a yatsa, sai ka ji santsi. In kuma su ka gamu da tsami, sai su kashe shi. Ga su nan, daga mai sanyin hali zuwa mai faɗa:

Na ɗaya, bekin soda. Farin gari ne da a ke sayarwa a kanti, masu toya kek da cincin na amfani da shi. Shi ne mafi sanyin hali.

Na biyu, kanwa kanta.

Na uku, ruwan toka. Iyayenmu mata sun san shi, gama su kan tace tokar kara su sa a miya in babu kanwa. Marina ma sun san shi, domin da toka a ke haɗa baba a karofi. In an dafa shi ya yi ƙarfi, ya kan ƙona fata.

Na huɗu, sodar yin sabulu, wadda a ke kira kostik soda. Wannan ita ce mafaɗaciya. Tana cin fata, tana makantarwa, tana kisa.

Ku lura da kyau. Na ɗaya da na huɗu duk "soda" a ke ce musu a kasuwa, kuma duk farare ne. Sunansu ɗaya, halinsu dabam. Wanda ya iya karatu shi ne zai duba jikin leda ya san wadda ya saya. Kun ga amfanin zuwa aji ke nan.

To, dangin kanwa, ban da kostik soda, in sun gamu da tsami, sai a sami kumfa. Masu ƙarfinsu kuwa in sun gamu da mai, sai a sami sabulu. Darasinmu duka yana cikin waɗannan jimloli biyu.

3. Me ke sa ruwa tafasa ba wuta?

Ku gwada wannan da kanku, gama gani ya kori ji. Ku jiƙa tsamiya a kofi, ko ku matse lemon tsami. Ku daka 'yar kanwa ku barbaɗa a ciki. Za ku ga kumfa ta taso, za ku ji ƙara kaɗan. Ku taɓa kofin. Ba zafi.

Abin da ya faru shi ne, akwai wata iska da ke ɗaure cikin kanwa. Tsami ne ke kwance ta. In ta kuɓuce sai ta yi sama cikin 'yan ƙananan ƙwayaye. Masana suna kiranta kabon dayoksaid. Ita ce ke fita in an buɗe kwalbar lemo. Ita ce ke sa ƙullun waina ya tashi. Ita ce kuma mu ke fitarwa in mun yi numfashi. Ba baƙuwa ba ce.

Amma akwai sharaɗi guda. Tsami da soda ba su gamuwa sai da ruwa. In dukansu busassu ne, za su zauna wuri ɗaya wata da watanni ba abin da zai faru. Ruwa ne ke haɗa su faɗa. Asirin curin wanka ke nan: busasshen tsami da busasshiyar soda, an danƙe su tare, suna jiran ruwa.

Busasshen tsamin nan fari ne kamar sukari. Masu kanti suna kiransa sitirik asid, masu yin lemon sayarwa suna amfani da shi. Shi ne ainihin tsamin da ke cikin lemon tsami. Wani masani mutumin ƙasar Suwidin, mai suna Scheele, shi ya fara ware shi daga ruwan lemo a shekarar 1784. Curin wanka kuwa sabon abu ne. Wata mata mai suna Mo Constantine ce ta ƙago shi a garin Poole na ƙasar Ingila a shekarar 1989. Su can cikin babban kwami su ke wanka, su cika shi da ruwa su kwanta a ciki, saboda haka nasu curin manya ne. Mu da bokiti mu ke wanka. Ƙarami ya ishe mu.

4. Yadda a ke yin curin wanka

Ga kayan da za a tanada. A auna da gwangwanin madara, ko da kofi guda, kada a sāke ma'auni a tsakiyar aiki.

Bekin soda, gwangwani 2.
Garin tsami, gwangwani 1.
Sitacin rogo ko na masara, gwangwani 1.
Mai, babban cokali 2. Man gyaɗa ya yi, man riɗi ya yi, man kaɗanya da aka narkar ya fi.
Kayan ƙamshi, babban cokali 1 ko 2.

Kayan ƙamshi ba sai an je nesa ba. Akwai kajiji, akwai saiwar jema, akwai kanumfari, akwai busasshen ɓawon lemo, akwai ganyen na'ana'a. A shanya su su bushe ƙayau, a daka, a tankaɗe. Mai son launi ya sa ɗan gangamau, wanda wasu ke kira kurkum, amma kaɗan, gama yana rina tufafi.

An ba soda rinjaye a kan tsami ne don kada ruwan wanka ya yi tsami ya dami fata. Sitaci kuwa shi ke riƙe curin, ya kuma hana shi narkewa da sauri.

Ga aikin:

Da fari a tankaɗe soda da tsami da sitaci da garin ƙamshi cikin busasshiyar ƙwarya. A gauraya sosai.

Sa'an nan a riƙa ɗiga mai kaɗan kaɗan, ana murzawa da hannu, kamar mai murza dambu.

A ɗebi kaɗan a danƙe a tafin hannu. In ya tsaya, to, ya yi. In ya wargaje, a tsoma yatsu cikin ruwa a yayyafa, ɗigo biyu ko uku, a yi maza a murza. In kun ji garin ya fara ƙara, shuuu, ruwa ya yi yawa. Iskar da ya kamata ta fita a bokiti ita ce ke fita a ƙwarya.

A cusa garin cikin ludayi ƙarami ko gwangwanin tumatir, a danna da ƙarfi, a kife a kan faifai. Ko kuwa a cura da hannu, kamar girman ƙwan kaza.

A ajiye a inuwa, inda iska ke wucewa, kwana ɗaya ko biyu. In ya bushe a zuba cikin gwangwani mai murfi, a rufe kam.

Hunturu shi ne lokacin wannan aiki, gama iska busasshiya ce. Da damina danshin iska kaɗai ya isa ya ɓata shi.

Kada a musanya bekin soda da kanwa a wannan aiki. Kanwa tana da yashi, kuma ta fi ƙarfin fata. Kada kuma a sa ruwan tsamiya maimakon garin tsami, domin ruwa ne, nan take faɗa zai tashi.

5. Gargaɗi huɗu

Na ɗaya. Kada a sa wa jariri curin wanka a ruwansa. Fatarsa ba ta yi ƙwari ba. Haka kuma mai gyambo, ko mai ƙuraje, ko mai jego da ba ta warke ba.

Na biyu. A ɓoye shi daga yara. Ya yi kama da alewa, ya yi kama da fura.

Na uku. Man da ke ciki ya kan sa daɓen makewayi ya yi santsi. A kora ruwa bayan wanka, kada tsoho ya zame.

Na huɗu. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun karantar da mu cewa ruwan alwala da na wankan ibada shi ne wanda launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su sāke ba saboda wani abu da aka zuba a ciki. Saboda haka ruwan da aka jefa wa curi na wankan tsabta ne da jin daɗi. Wankan ibada a yi shi da ruwa zalla. Mai neman ƙarin bayani ya tambayi malaminsa.

6. Kumfa ba ita ce tsabta ba

Yanzu mu koma ga tambayar ɗalibar nan. Don me curin wanka ba zai maye gurbin sabulu ba?

Ku shafa man gyaɗa a hannu, ku zuba ruwa. Ruwa zai gangare, mai yana nan. Mai da ruwa ba su ga maciji da juna. Jikin mutum kuwa kullum yana fitar da maiƙo. Ƙura da dauɗa da ƙwayoyin cuta su kan manne cikin maiƙon nan. Ruwa kaɗai ba ya iya ɗauke su duka. Iskar da ke fita daga curi ma ba ta iyawa. Tashi kawai ta ke yi ta tafi abinta.

Sabulu kuwa kamar dillali ya ke a kasuwa, mai shiga tsakanin mutum biyu da ba su magana. Kowace ƙwayar sabulu tana da hannu biyu. Da hannu ɗaya ta kama mai, da ɗayan ta kama ruwa. In aka kora ruwa, sai ya ja sabulu, sabulu ya ja mai, mai ya tafi da dauɗar da ke cikinsa.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Zawo da ke kashe yara ƙanana, da kwalara, watau amai da gudawa, sau da yawa ta hannu su ke shiga baki. A shekarar 2021 kwalara ta yi ɓarna a jihohi da yawa, har da Katsina, ta kashe fiye da mutum 3,000 a Nijeriya. Ciwon ido da ƙuda ke yaɗawa ya fi kama yaron da ba a wanke wa fuska. Saboda muhimmancin wannan ne, tun daga shekarar 2008, aka keɓe ranar 15 ga Oktoba ta kowace shekara don tuna wa duniya wanke hannu da sabulu.

Saboda haka in kuɗin gida na abu ɗaya ne, a sayi sabulu. In kuwa babu kuɗin, to, ga murhu nan. Rabin sabulu yana cikinsa.

7. Sabulu daga toka da mai

Sabulu tsohon abu ne. Fiye da shekara 4,000 da su ka wuce mutanen Babila, a ƙasar da a ke kira Iraƙi yanzu, suna dafa mai da toka. Kalmar sabulu ma daga Larabci mu ka aro ta. An daɗe ana yi ba a san dalili ba, sai a shekarar 1823 wani masani na ƙasar Faransa, mai suna Chevreul, ya bayyana yadda mai ke juyewa ya zama sabulu. Baƙin sabulun salo da mu ke saye a kasuwa ma haka a ke yinsa. Matan ƙasar Yarabawa su kan ƙona ɓawon koko da na ayaba, su tace tokar, su dafa da alayyadi. Mu ba mu da koko, amma muna da kara.

*Toka.* A tara tokar karan gero ko na dawa, ko totuwar masara, ko ɓawon gyaɗa, ko ta itacen girki. Wadda ta ƙone ƙurmus ta yi fari ita ce mai kyau. Kada a ɗauki tokar bola, inda aka ƙona leda da roba da tsohon batir. Kada kuma a sare itace don neman toka. Wadda murhu ke bayarwa kullum ta isa, in ana tarawa a busasshen wuri.

*Tacewa.* A sami tsohon madambaci na ƙasa, ko tukunya mai ƙananan huji a gindi. A shimfiɗa ciyawa da tsumma a ciki, a cika da toka, a ɗora a kan wata tukunya. A riƙa zuba ruwa kaɗan kaɗan. Ruwan sama ya fi kowane. In babu, ruwan rafi ko na madatsa irin ta Zobe ya yi, in an bar shi ya kwanta. Ruwan wasu rijiyoyi yana da nauyi, ba ya son sabulu. Za ku ga wani ruwa ja-ja yana ɗiga, kamar shayi. Shi a ke nema.

*Ƙarfafawa.* A dafa ruwan tokar har ya ragu. A sauke ya huce. A saka ɗanyen ƙwai sabo a ciki. In ya nutse, ruwan bai yi ƙarfi ba, a ƙara dafawa. In ya taso har a ka ga bayansa kamar faɗin murfin kwalba, to, ya yi. A fitar da ƙwan da ludayi, ba da hannu ba, kuma kada a ci shi.

*Mai.* Kowane mai yana yin sabulu. Man gyaɗa yana yi, amma ya fi amfani a miya. Akwai man kaɗanya. Akwai kitsen shanu da na tumaki daga wurin mahauta, shi ne mai araha, kuma sabulunsa ya fi tauri. Akwai kuma man darbejiya, wadda mu ke kira bedi. Wannan itaciya asalinta daga ƙasar Indiya ne, ga ta yanzu a kowace ƙofar gida daga Dutsin-Ma har Kurfi, 'ya'yanta suna zuba a banza. A tsince su, a wanke, a shanya, a fasa, a daka ƙwayar, a matse mai kamar yadda a ke matse na gyaɗa. Yana da wari da ɗaci, ba a cinsa, ba a ba yaro ya sha, amma yana yin sabulu. In kitse za a sa, a yanka shi ƙanana, a dafa da ruwa, a tace, a bari ya daskare, a ɗauke farin da ke sama.

*Dafawa.* A yi amfani da tukunyar ƙasa ko ta baƙin ƙarfe. Kada a sa tukunyar dalma, gama ruwan toka yana cinta. Tukunyar ta zama babba, domin abin ya kan taso. A narkar da mai gwangwani 1 a kan wuta kaɗan. A riƙa zuba ruwan toka sannu sannu, har wajen gwangwani 2, ana juyawa da muciya. Toka ba ƙarfinta ɗaya ba, saboda haka wannan awo na farawa ne, ido ne zai ƙarasa. A ci gaba da juyawa, wuta kaɗan kaɗan. Aiki ne na sa'o'i, amma mai haƙuri ya kan dafa dutse. Da fari za a ga mai dabam, ruwa dabam. Daga nan su haɗu su yi kamar kunu. Daga nan su yi kauri kamar talge.

*Gwaji.* A ɗebi kaɗan a kaɗa cikin kofin ruwan ɗumi. In mai ya taso sama, a ƙara ruwan toka a ci gaba da dafawa. In ya narke ya yi kumfa, ba maiƙo, to, sabulu ya samu. In ya huce a shafa kaɗan a bayan hannu da ruwa. In an ji zafi ko ƙaiƙayi, toka ta yi yawa. A wanke hannu, a ƙara mai kaɗan, a mai da kan wuta.

*Ajiya.* Sabulun toka mai laushi ne, haka halinsa ya ke. Mai son ya ƙara tauri ya barbaɗa ɗan gishiri dab da saukewa. In ya huce a cura, a jera a inuwa mako 2 zuwa 4. Daɗewa na sa ya bushe, ya kuma yi auki. Nan ma ana iya zuba garin kajiji ko na ɓawon lemo kafin a cura.

In na farko bai yi kyau ba, kada a karaya. A yi wanki da shi. A rubuta a littafi irin tokar da aka sa, da yawan mai, da tsawon dafuwa. Na biyu zai fi. Wanda ya rubuta ba ya maimaita kuskure.

8. A kiyayi yara

Wannan shi ne sashe mafi muhimmanci, a karanta shi sau biyu.

Ruwan toka mai ƙarfi ya yi kama da shayi. Ruwan kostik soda kuwa, wanda masu yin sabulun sayarwa ke jiƙawa, ba shi da launi, ba shi da wari. Ya yi kama da ruwan sha. Asibitoci a Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma sun sha karɓar yara da su ka kurɓe shi, ya ƙona musu maƙogwaro. Wasu sun mutu. Wasu sun rayu, amma haɗiyar abinci ta gagare su.

Saboda haka:

Kada a zuba shi a kofi, ko moɗa, ko kwalbar lemo, ko robar ruwan sha.
A rubuta GUBA da manyan baƙaƙe a jikin abin da aka zuba shi, a rufe, a ajiye inda hannun yaro ba ya kaiwa.
Ranar dafa sabulu a kai yara maƙwabta. Ba a yin wannan aiki da goyo.
A yi aikin a tsakar gida, ba a cikin ɗaki ba. A sa safar hannu ta roba, a kau da fuska daga tururi.

In ya fallatsa a fata ko a ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta, ba tsayawa, har minti 20, sa'an nan a tafi asibiti. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, gama abin da ya ƙona da shiga zai sāke ƙonawa da fita. Kada a ɗura masa manja, ko tsamiya, ko jiƙo. A ɗauke shi nan take zuwa babban asibitin Dutsin-Ma, ko asibitin da ya fi kusa, a tafi da ragowar abin da ya sha don likita ya gani.

9. Amfani da abin da mu ka yi

Sabulu a kan taga ba ya hana cuta. Sai an sa shi a hannu. Ga lokuta biyar da ba a ƙetarewa: bayan an fito daga makewayi, bayan an wanke wa yaro kashi, kafin a ɗora girki, kafin a ci abinci, da kafin a ba yaro abinci. A cuɗa tafi da baya da tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, har a ƙirga 20 a hankali. A zubo ruwa daga buta, kada kowa ya tsoma hannu a ƙwarya ɗaya. Ranar da sabulu ya ƙare, a cuɗa hannu da toka mai tsabta a ɗauraye. Ta fi ruwa kaɗai.

A sani kuma, sabulu rigakafi ne, ba magani ba. Ƙazuwa da makero in sun kama yaro, sai an je asibiti an karɓi magani, an kuma wanke tufafi da shimfiɗa an shanya a rana.

Wadda hannunta ya faɗa tana iya mai da wannan sana'a. Garin Dutsin-Ma ya cika da baƙi, ga Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a shekarar 2011. Kowa a cikinsu yana wanka, yana wanki. Curin wanka kuma ya dace da kayan amarya. Amma mai niyyar ƙunshe kaya da suna ta kai kanti, ta sani akwai hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a shekarar 1993, ita ke yi wa irin waɗannan kaya rajista.

Da na koma ajin nan bayan wata biyu, tsohuwar nan ce ta tare ni a bakin ƙofa. Ta kwance bakin zane, ta miƙo mini wani baƙin curi. Ta ce, "Ungo, Malam. Wannan ba ya tafasa ruwa, amma jikokina sun san da zamansa." Ta kuma nuna mini wata tsohuwar jarka a kan katanga. A jikinta an rubuta GUBA da gawayi. Baƙaƙen sun karkace, amma ana karantawa. Ita ta rubuta da hannunta.

Tambayoyi

1. Faɗi dangin kanwa huɗu. Wanne ne mafi haɗari?
2. Me ke fita in tsami ya gamu da kanwa?
3. Don me a ke yin curin wanka da hunturu?
4. In gwangwani 2 na soda na bukatar gwangwani 1 na tsami, gwangwani nawa na tsami za a sa wa gwangwani 6 na soda?
5. Don me ruwa kaɗai ba ya fitar da maiƙo?
6. Yaya a ke gane ruwan toka ya yi ƙarfi?
7. In yaro ya sha ruwan soda, me za a yi? Me ba za a yi ba?
8. Rubuta kalmar GUBA sau biyar a littafinka.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.